Tsohon mashin ɗin ƙanƙara: in gyara ko in rabu da shi kafin sanyi ya shigo?

Abban Sadiq, Sudbury
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shan sanyin Kanada. Maƙwabcina zai tashi, ya sallama mini Ski-Doo ɗinsa ƙirar 1998 a kan dala 600, mai injin Rotax 503 wanda fanka ke sanyayawa. Ya ce shekara huɗu yana ajiye a rumfa ba a tayar da shi ba. Na ari ma'aunin kwamfireshan, wato ƙarfin matsin iska a cikin silinda, na gwada, silinda ɗaya ta ba ni 120, ɗayar 105. In na ja igiya sai ya yi tari ya mutu. Fetur ɗin tanki ya koma ja, yana warin fenti. Tirak, wato robar da ke jan shi, ta ɗan tsattsage amma ba ta yage ba. Abin da na ware wa gyara duka-duka dala 1,000 ne. To, in buɗe injin da kaina tun yanzu a Oktoba, ko in kai shago, ko in sayar in huta? Ba tsere zan yi ba, yara nake so in riƙa kaiwa kamun kifi a kan tafki ranar Asabar.

Ɗan Zazzau, Kalgari
Wa alaikumus salam. Malam, sayi sabo kawai mai fo-sitrok, wato injin da ba ya ƙona mai tare da fetur. Ba hayaƙi, ba jan igiya, ka danna maɓalli ka wuce. Ana bayarwa biya kaɗan-kaɗan.

Maman Iman, Winnipeg
Ɗan Zazzau, bawan Allah ya ce dala 1,000 gare shi fa. Ka karanta kuwa?

Usta Panteka, Brampton
Ƙanena, kada ka kai shago tukuna. Injin nan ɗan'uwan ƙaramin janareton nan ne da muke haɗa wa mai da fetur a gida, girma kawai ya fi shi. Zubar da tsohon fetur, canza tiyo da filta. Kwance kafireta biyun, fito da jet-jet ɗin, wato 'yan bututun da fetur ke bi, ka ɗaga ƙaramin ka duba a haske. In ba ka ga rana ta cikin ramin ba, shi ne ke kashe maka inji. Robar da ta haɗa kafireta da inji, lanƙwasa ta da yatsa ka ga ko ta tsage. Sa sababbin fulogi. Kafin komai buɗe akwatin iska da salansa, ɓeraye na son yin gida a ciki. Duk wannan ba zai ci maka dala 150 ba.

Baba Lawal, Thompson
Hmm. Abban Sadiq, zauna in ba ka labari, don abin da Usta ya lissafa shi ne daidai abin da aka yi wa nawa. Na sayi tsoho a hannun wani mutum da ya yi ta rantsuwa cewa lafiya lau ya ajiye shi. Na kai wani shago a nan, suka wanke kafireta, suka canza fulogi da bel, suka karɓi kuɗinsu. A gaban shagon ya tashi da ja ɗaya, har da godiya na yi musu. Ranar da na fita da ɗan ƙanwata a baya, sanyi ya haura digiri 30 ƙasa da sifiri. Mun yi nisa cikin daji sai na ji injin yana ƙara gudu da kansa, yana wani irin kuka siriri. Can sai shiru. Na ja igiya ta ƙi motsi ko kaɗan, fistin ya kama. Babu sabis a waya. Da ƙafa muka dawo, ƙanƙara har gwiwa, yaron yana kuka yana cewa Kawu ba na jin yatsuna. Wani mafarauci ɗan asalin yankin ne Allah ya jefo mana, ya goya yaron. Da aka buɗe injin, saman fistin ɗaya ya narke ya yi rami, ɗan yatsa zai shiga. Ashe oyil sil ɗin karanshaf ne ya bushe saboda daɗewa a ajiye, yana zuƙar iska, fetur ya yi kaɗan, zafi ya cinye shi. Da na koma shagon suka ce ai ban ce su yi gwajin yoyon iska ba. Ni da na kawo muku don kun fi ni sani? Kuɗin da suka yanka mini na sake ɗaura injin ya ninka abin da na sayi mashin ɗin. Yana nan a bayan gida har yau, ko kallonsa ba na son yi.

Maman Iman, Winnipeg
Innalillahi. Baba, yaron ya warke dai?

Baba Lawal, Thompson
Ya warke, alhamdulillahi, amma uwarsa ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da daɗin rai ba.

Isufu na Maraɗi, Val-d'Or
Sannu Baba. Amma kada a tsorata yaron nan. 503 inji ne mai ƙashi, masu tarko a nan Kebek har yanzu shi suke nema saboda ba ruwansa da lagireto. A garin Valcourt Bombardier ya fito da Ski-Doo na farko a 1959, shi ya sa kayan gyaransa ba sa wuya a nan, sabo da na hannu. Ni fistin biyu da ringi da gasket na saya wajen dala 300, na ɗaura da kaina. Ka duba bel ɗin fanka, in ya saki inji zai yi zafi. Tankin farko ka ɗan haɗa mai a cikin fetur har ka tabbata famfon mai yana aiki.

Ɗan Zazzau, Kalgari
Dala 300? Isufu, a wace shekara? Abokin aikina 1,400 ya biya.

Hamza, Timmins
Ni 850 aka yi mini a garejin wani tsoho, har da sil. Shagon gari kuma awa ɗaya 140 suke caja, kuma daga Nuwamba layi ne, ka kai yau a ce ka dawo bayan Kirsimeti.

Baba Lawal, Thompson
Ku yi ta lissafin fistin. In an taɓa sil sai an fito da inji an raba shi biyu. Wanda ya ce maka 300 bai taɓa shi ba.

Usta Panteka, Brampton
Baba, da girmanka, shekara goma sha biyar na yi ina raba injin babur a Kaduna. Sil ba aljani ba ne. Akwai gwajinsa: a toshe mashigar iska da mafitar hayaƙi, a hura iska kaɗan a ga ko allura za ta sauka.

Hamza, Timmins
Usta, a Brampton ƙanƙarar nawa ce? Ka taɓa hawa kuwa? Gyaran babur a zafin Kaduna daban, wannan daban. A sanyi iska ta fi nauyi, jet ɗin da ya yi daidai a gareji yana iya yin kaɗan a daji.

Usta Panteka, Brampton
Hawa daban, sani daban. Direba nawa ne suka san cikin motarsu?

Bakano Mai Goro, Edmonton
Ku bar Bazazzagi ya ba da shawara mana. Da ya zo ƙasar nan cewa ya yi a nuna masa inda ake sa wa mashin ɗin taya.

Ɗan Zazzau, Kalgari
Ka ji Bakano. Kai da za a ba ka shi, gobe za mu gan ka kana acaɓa a kan tafki, dala biyu zuwa tsallake.

Anti Nas, Thunder Bay
Ana dariya amma ni maganar yara ce ta tsaya mini a rai. A asibiti nake aiki, na ga yatsun da sanyi ya ci. Abban Sadiq, don Allah ko injin ya gyaru kada ka ɗora yaran nan a fitar farko, kuma kada ka fita kai kaɗai. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada cewa take ƙanƙarar tafki ta kai kaurin santimita 25 kafin mashin ya hau. Huda za ka yi ka auna, ba wai ka ga sawun wani ka bi ba. Hular kwano kuma doka ce.

Abban Sadiq, Sudbury
Na gode ƙwarai, Anti, na ɗauka. Baba Lawal, Allah ya ƙara kiyayewa. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini komai kan 120 da 105 ɗin nan. Tazarar ta yi yawa ne, ko in an tayar da shi ringin zai saki?

Isufu na Maraɗi, Val-d'Or
Ta ɗan wuce kashi goma cikin ɗari da ake so. Cire salansa ka haska tocila ta ramin, in ka ga zane-zane a jikin fistin to buɗewa ta kama ka. Boris ɗin da ke ƙarƙashin kulocin baya ma ka duba.

Hamza, Timmins
Ku tsaya, dala 1,000 ɗin nan har da takardu? Don a Ontariyo sai ka yi rajista, ka yi inshora, in kuma za ka bi hanyoyin da ake sharewa sai ka sayi takardar izini. Sa'arka ɗaya, ƙirar 1999 zuwa ƙasa tana da rangwame.

Isufu na Maraɗi, Val-d'Or
Mu a nan inshorar wanda ka buge tana cikin kuɗin takardar.

Hamza, Timmins
Ai ku kun huta. Ni kamfanoni biyu suka ƙi ni, wai ba ni da tarihin hawa. Ta ina zan samo tarihin in ba ku bar ni na hau ba?

Yakubu, Barrie
Hamza, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Hunturun 2023 zuwa 2024 na biya inshora, na sayi takarda da wuri don in sami ragi, na canza tirak. Sai ƙanƙara ta ƙi sauka. Kullum in buɗe taswirar hanyoyin a waya in ga ja, an rufe. A Fabrairu ciyawa nake gani a bayan gida. Ko sisi ba a mayar mini ba, kuma da shekara ta zagayo kamfanin inshorar ƙara mini kuɗi ya yi, mashin ɗin da bai bar gareji ba.

Maman Iman, Winnipeg
Inshorar gida ma haka suka yi mana bana, ba mu taɓa neman ko kwabo ba. Akwai wanda ya taɓa kiran su suka rage masa? Ni in na kira sai a bar ni da kiɗa a kunne har lokacin ɗauko yara ya yi.