Gamsheƙa da Velociraptor, wa zai kayar da wani?

Baban Walid: 'Yan uwa, yarona ya ɗaure ni da tambaya. In aka haɗa gamsheƙa da Velociraptor, wato wani nau'in dinoso, dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare a duniya, wa zai sha kashi?

Malam Habu: Kada fina-finai su ruɗe ka. Velociraptor bai fi babban talotalo ba, nauyinsa wajen kilo 15, jikinsa duk gashin tsuntsu. A Mongoliya aka tono ƙasusuwansa. Amma da farcen ƙafarsa mai lanƙwasa ya danne kan macijin, an gama.

Hajiya Rabi: Haba Malam, gamsheƙa fa daga nisan mita 2 take feso dafi a ido. Makaho zai danne wa?

Malam Habu: Hajiya, ko ta sare shi dafin ba ya kashewa nan take. Ina ga zai cinye ta tukuna, can da yamma shi ma ya bi ta.