Fanka na juyawa amma allo bai kawo hoto ba

Sabon_Hannu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa kwamfuta: firosesa Ryzen 5 7600 a kan madabod B650 (babban faifan da ake jona sauran kayan a kansa), da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) nau'in DDR5 guda biyu da katin hoto. Idan na kunna, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Ta ina zan fara?

Mai_Gyara: Wa alaikumus salam. Kada ka yi saurin kashewa, malam. A kunnawar farko madabod mai soket AM5, irin taka, kan ɗauki 'yan mintuna tana daidaita DDR5, allo kuwa ba ya nuna komai. In an jima shiru, duba ƙananan fitilun madabod: CPU (firosesa), DRAM (RAM), VGA (katin hoto), BOOT (faifan da kwamfuta ke tashi daga shi). Wadda ta tsaya a kunne, nan matsalar take. In DRAM ce, zare RAM ɗin ka mayar a rami na biyu da na huɗu daga firosesa, ka danna har maƙallin ya ce ƙas. Yawanci rashin zama sosai ne.

Injiniya_B: Ƙari a kan haka, bayan babbar waya mai fil 24, akwai mai fil 8 ta firosesa a saman madabod, ana yawan mantawa da ita. Kada a sa ta katin hoto a gurbinta, tsarin wutarsu daban ne.

Mai_Gyara: Gaskiya ne. Kuma firosesar 7600 tana da nata sashen fitar da hoto a ciki. Cire katin gaba ɗaya, ka jona wayar allo ta HDMI a madabod. In hoto ya zo, katin ko wayar wutarsa za ka bincika.