Saitin madubin bindigar iska: kowa ya faɗi abin da ya gani

Baban Hafsa: Salamu alaikum. Na sa wa bindigata mai karyawa (wadda ake lanƙwasa bututunta a ɗana ta) madubin hange, ƙwayar dalma mai milimita 4.5 nake harbawa. Yau in saita, gobe in tarar ƙwaya tana sauka wani wuri daban. Don Allah waɗanda suka saba su taimaka.

Malam Audu: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa maɓallan saiti, harba ƙwaya biyar a takarda, kana auna wuri guda. In sun taru kusa da juna, ko da nesa da tsakiya ne, saiti zai gyara. In sun watse, matsalar ba ta saiti ba ce. Tawa sai da na daina matse ta a kafaɗa, na ɗora gabanta a tafin hannu sakwa-sakwa, sannan ƙwayoyin suka fara haɗuwa. Bindiga mai sifirin tana motsi tun ƙwaya ba ta bar bututu ba, shi ya sa take son riƙo iri ɗaya kullum.

Injiniya: Gaskiya ne, Malam. Ga lissafin da ke ruɗa mutane. Yawancin madubai an rubuta 1/4 a kan maɓallin, wato kowane ƙas ɗaya yana matsar da ƙwaya rubu'in inci a nisan yadi 100. Mu kuwa a yadi 25 muke harbi, don haka sai ka yi ƙas 16 kafin ka samu inci ɗaya. Mutum ya murɗa sau huɗu, bai ga canji ba, ya ce madubi ya lalace! Ni nakan gama da sama da ƙasa, sannan in koma hagu da dama.

Amma Baban Hafsa, yadda ka ce saiti na gudu bayan kwana ɗaya, duba sukurori. Irin wannan bindiga tana bugu baya, ta kuma buga gaba, sai madubi ya riƙa zamewa baya a hankali. Na yi wa nawa alama da fensir a jikin ƙarfen da yake zaune, na ga ya wuce alamar. Maɗauri mai ƙusar tsayarwa na sa, ya daina.

Ɗan Maraɗi: Nawa kuma na murɗa sama har maɓalli ya tsaya, ƙwaya na ƙasa. Ashe bututun ne ya ɗan sunkuya, abin da aka saba gani a masu karyawa. Siririyar roba na sa ƙarƙashin madubin a zoben baya da ke riƙe shi. Kada dai a cika kauri, yana iya lanƙwasa jikin madubin. Kuma kada ku yi saiti da iskar hunturu tana kaɗawa, ku jira safiyar da gari ya yi tsit.

Baban Hafsa: Allah ya saka da alheri. Injiniya, na duba, sukurori biyu na gindin katako sun saki. Sai dai in na ɗan kauda ido, giciyen da ke cikin madubin, wanda ake auna wuri da shi, yana yawo a kan takarda.

Injiniya: Wannan madubin an yi shi ne don nisa. In yana da zoben lambobi a gaba, juya shi zuwa 25 har giciyen ya daina yawo. In babu, riƙa ɗora kumatunka wuri ɗaya kowane harbi. Ka jera buhunan yashi a bayan takardar, ka kuma tsaya kan irin ƙwayar da ka yi saiti da ita.