Ina neman shawara: in sake zana JAMB don likitanci ko in karɓi Anatomy?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka bi hanyar karatun likitanci, ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle.

Na nemi MBBS (digirin likitanci) bana, ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizik a zama ɗaya, amma makin JAMB ɗina bai kai na likitanci ba. Da na duba CAPS (shafin JAMB na ba da gurbin karatu) sai na ga an sauya min zuwa Anatomy (ilimin tsarin jikin ɗan Adam). Baba ya ce in karɓa, wai tsuntsu ɗaya a hannu. Ni kuwa zuciyata tana kan asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar canjin kwas. Wasu na cewa in na yi ƙoƙari a aji ɗaya za a mayar da ni likitanci, amma na san hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗalibanta na likitanci, to ina gurbin zai fito? Akwai wanda ya taɓa samun canjin da gaske?

In kuma sakewa ce ta fi, wace zan sa zaɓin farko: BUK, ABU Zariya ko Danfodiyo ta Sakkwato? Ni ɗan Jigawa ne, shin yankin da jami'a ke ɗiba yana tasiri sosai, ko maki ne kawai? Sai kuma hanyar IJMB (karatun share fagen jami'a), in shiga aji biyu kai tsaye. Kuɗinta fa ba wasa ba ne, ga karatun likitancin kansa shekara 6.

Wace hanya za ku bi in ku ne?