Neman shawara: Yaƙin Burmi da wani malamin tsangaya, wanne ya cancanci muƙalarsa a Wikipedia?

Ɗan Bajoga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanan nan na fara rubutu a Wikipedia ta Hausa, burina in cike giɓin da ke akwai kan ƙasar Funakaye. Abu biyu suka tsaya min a rai. Na farko Burmi: in haɗa garin da yaƙin 1903 a shafi ɗaya, ko kowanne da nasa? Na biyu, akwai wani malamin tsangaya a garinmu, Allah ya jiƙansa, almajiransa sun bazu har Nafada da Dukku. Duk dattijon da ka tambaya zai ba ka labarinsa, amma babu inda aka rubuta shi. Don Allah ku ba ni shawara.

Malamar Tarihi, Gombe: Wa alaikumus salam ƙanena. Yaƙin Burmi kam raba shi. A ranar 27 ga Yuli 1903 ne sojojin Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a can, yana kan hanyar hijira zuwa gabas bayan faɗuwar Sakkwato. Ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan. Masana tarihi na gida da na waje sun yi rubutu mai zurfi a kan wannan, kuma abin da ake dubawa ke nan: shin mutanen da ba su da alaƙa da abin sun yi bayaninsa dalla-dalla a majiya ingantacciya? Garin kuma ka ba shi gajeriyar muƙala, ka sa mahaɗa tsakaninsu.

Baban Aisha, Kumo: Maganar malamin nan ita ke ci min rai. Mutum ya karantar da al'umma tsawon rayuwarsa, a ce bai cancanta ba don jarida ba ta buga sunansa ba? Tarihinmu ai a bakin dattawa yake, Malama.

Malamar Tarihi, Gombe: Gaskiyarka Baban Aisha, ni ma abin yana damuna. Sai dai Wikipedia ba ta karɓar binciken da mutum ya yi da kansa, ko da kowa a gari ya shaida. Idan Ɗan Bajoga ya rubuta daga abin da ya ji, wani edita zai nemi manazarta, in babu a goge, wahalarsa ta tashi a banza. Hanyar ita ce labarin ya fara fitowa a wani wuri. Ya leƙa sashen Tarihi na Jami'ar Jihar Gombe, ya tambaya ko wani ya taɓa nazarin malaman yankin. Akwai cibiyar binciken tarihi ta Arewa House da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Ko ya ja hankalin wakilin Aminiya ya zo ya zanta da tsofaffin almajiran tun suna raye.

Wani edita daga Bauchi: Ƙari kaɗan, Malam. Idan majiya ɗaya kawai ka samu, kuma a layi biyu ta ambace shi, sa shi cikin muƙalar garin ƙarƙashin fitattun malamai. Idan kuma kakanka ne ko malaminka, faɗa a shafin tattaunawa, ka guji kirari irin "babu kamarsa".

Ɗan Bajoga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Shi ne ya karantar da mahaifina, zan bayyana hakan. Malama, in na gama daftarin Yaƙin Burmi zan turo miki ki duba min kafin in wallafa.