Rina ta harbi ɗana, me kuka yi da ta same ku?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da la'asar rina ta harbi ƙaramin ɗana a kunne, a bayan ɗakin girki. Kakarsa ta ce a shafa kananzir, maƙwabciya ta ce albasa. Ni dai sai na rikice.

Mai Amya: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Shekara 12 ina kiwon zuma, harbi ya zame mini kamar gaisuwa. Rina ba ta barin ƙari, shi ya sa take maimaitawa. Zuma kuwa takan bar nata a fata da 'yar jakar dafi, yana ta tsiyaya, sai a kankare shi da farce nan take. A kuma bar wurin, don warin harbin kiran 'yan uwanta yake yi. Daga nan sabulu da ruwa, sai ƙanƙara a cikin tsumma kamar minti 10. Kananzir fa ƙona fatar yaro zai yi, kar Inna ta ji na faɗa.

Direban Tifa: Malam, naka jikin ya saba ne. Ƙanina zuma ɗaya tak ta harba a gona. Kafin mu iso bakin titi leɓɓansa sun kumbura, borin jini ya feso masa ko'ina, numfashi yana fita da ƙyar. Ina ta neman kemis in sayi Piriton, wani dattijo ya daka mini tsawa, ya ce asibiti. Allurar adirenalin suka yi masa a cinya. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Malamar Jinya: Dattijon nan ya yi daidai, Yaya. Piriton na ƙaiƙayi ne, ba ya buɗe maƙogwaro. Kumburin wurin harbin kaɗai yakan kwana biyu ko uku. Amma kumburin harshe, jiri ko sarƙewar numfashi, ba a jira. In a hannu ne, a cire zobe da wuri. Na taɓa ganin wanda sai da aka yanke masa zoben.

Ɗan Agadas: Mu nan kunama ce, musamman da bazara. Takalmi sai mun kakkaɓe. Babba galibi zai sha azaba ya warke, yaro kam ko ya yi shiru likita muke kai shi, ba tsaga ba tsotsa.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Kunnen ya yi suntum amma yana ta wasansa. Sheƙar rinar kuma babansu ya ce sai dare zai cire ta.