Neman taimako: yaya za mu ce "rangeland" da Hausa?

Mai Shirin Manoma:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku agaza min. Gobe da safe zan naɗi shiri a kan ayyukan gwamnati da matasanmu ba su cika sani ba, kuma tunda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 a matsayin shekarar rangelands da masu kiwo, ƙudurin da Mongoliya ta kai aka amince da shi a 2022, sai na ce bari in fara da wannan fannin. Rubutun da nake fassarawa yana magana ne a kan masu aikin da ake kira rangeland management specialist a Amurka, daga nan in haɗa da namu na gida. Abu biyu ne suka tsaya min, ita rangeland ɗin da kuma sunan ma'aikacin. Natural resources na sa albarkatun ƙasa, in da gyara a faɗa.

Malamin Nahawu:
Wa alaikumus salam. Makiyaya. Ba sai an wahala ba, kalmar na nan tun kaka da kakanni, ma-kiyay-a, wurin kiwo, kamar mashaya da mahauta da makaranta.

Hajiya Mai Fassara:
Allah gafarta Malam, to shi ma'aikacin sai ya zama jami'in kula da makiyaya kenan? Duk wanda ya gani a Facebook zai ɗauka jami'in da aka ɗora wa sa ido a kan Fulani ne, kuma ka san halin da ake ciki yanzu. Ni filayen kiwo nake sawa, shi ake ji a labarai kullum.

Malamin Nahawu:
Hajiya ai rediyo ne, karin sauti zai raba. Ma'aikata wurin aiki ce kuma masu aiki ne, maƙera haka, marina haka, masaƙa haka, wa ya taɓa ruɗewa? Sannan ɗafi ma yana rabawa, makiyayar nan daban makiyayan nan daban. In kuma jam'in ne damuwarku to ga shi, makiyayu, a kan tsarin makarantu da ma'aikatu da masana'antu. Jami'in kula da makiyayu. Magana ta ƙare.

Ɗan Zazzau a Amurka:
Kafin a yanke bari in faɗi yadda aikin yake a nan, don sunan ya dace da shi. Hukumar da ta fi ɗaukar irin waɗannan ma'aikatan ita ce BLM, wato hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, an kafa ta 1946, tana riƙe da ƙasa wajen eka miliyan 245 yawanci a yammacin ƙasar, su Nevada da Utah da Wyoming, kuma tushen aikin dokar kiwo ce ta Taylor ta 1934 wadda aka yi bayan shanu da tumaki sun cinye wuraren fari ya zo ƙasa ta fara tashi. Masu garke suna karɓar lasisi, galibi na shekara 10, ana lissafi da abin da saniya da ɗan maraƙinta za su ci a wata ɗaya, ko tumaki biyar, kuma a 2024 kuɗin dala 1.35 ne kacal. To shi jami'in nan ba likitan dabbobi ba ne ko kaɗan. Zai fita da mota ya shiga inda ba kowa, ya shimfiɗa tef ɗin awo a ƙasa yana bi taki-taki yana rubuta wane tsiro ne a nan, nan kuma ƙasa ce tsirara, ya auna tsawon ciyawar da shanu suka bari, ya duba shinge da kwamin ban ruwa, sannan ya zauna da mai garken su tsayar da ranar shiga da ranar fita. In gobara ta ci wurin shi zai ba da shawarar a hutar da shi. Hukumar gandun daji tasu ma tana ɗauka, haka NRCS, hukumar kare albarkatun ƙasa ta ma'aikatar gonarsu, wadda ita da masu filin kansu take aiki. Sai an yi digiri a fannin ko makamancinsa, kuma Mai Shiri ki faɗa wa masu sauraro yawanci sai ɗan ƙasa ake ɗauka, kar yara su ɗauka hanyar fita ce. Abu ɗaya dai, kar a ce filin ciyawa, yawancin Nevada ƙananan itatuwa ne irin su sabara da geza a wajenmu.

Tsohon Malamin Daji:
To ai wannan da ka zayyana mu dajin kiwo muka san shi. A zamaninmu akwai malamin gona, akwai malamin dabbobi, akwai malamin daji, kowa a ƙauye ya san aikin kowa. A ce malamin dajin kiwo mana.

Ɗaliba a Samaru:
Baba ka yi haƙuri amma mutum ya yi shekara biyar a jami'a ya yi bautar ƙasa a ɗauke shi a matakin albashi na 08 sannan a ce masa malamin daji? Wallahi ba wanda zai ji shirin ya ce shi ma yana so. Da ma 'yan ajinmu kowa kaji da kifi yake hange, ɓangaren ciyawa da kiwo ba a rububinsa, alhali ga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, nan a Shika kusa da mu suna bincike a kan abincin dabbobi shekara da shekaru.

Tsohon Malamin Daji:
'Yata ban ji daɗin wannan maganar ba. Malamin dajin da kike rainawa shi ya san iyakar kowane burtali da ƙafarsa, ya san inda gamba take da inda ƙyasuwa take da wace mashaya ce ke ƙafewa kafin bazara. Na tsaya a gaban wani wurin kiwo da gwamnati ta keɓe ina kallo aka zo da tarakta aka yanka shi gonaki aka raba wa manya, na rubuta rahoto har na gaji ba wanda ya amsa, su masu manyan sunayen ofis ɗin ne suka sa hannu. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, wuraren sun haura 400 a takarda, waɗanda aka yi wa gazet, wato aka tabbatar da su a jaridar gwamnati, ba su kai rabi ba. Ma'aikata a ƙasa muka rasa.

Ɗaliba a Samaru:
Allah ya huci zuciyarka Baba, ba raini nake nufi ba. Amma dai a sa jami'i.

Malamin Nahawu:
Jami'i Larabci ne, malam ma Larabci ne, fili kuma kowa ya ji sai ya tuna fuloti ko filin ƙwallo. Abin da ke damuna kenan, muna da kalma tamu ta gado amma sai mun jero kalma huɗu muna bayani kamar harshen bai da ƙashin baya. Bature ya ce range a gaɓa ɗaya ya wuce, mu kuma muna jin kunyar makiyayu don kawai ba a taɓa ji a gidajen rediyon waje ba. Su waye suka ba su sarautar Hausa?

Hajiya Mai Fassara:
Malam ba wanda ya ba su sarauta, amma tsohuwa a ƙauye da rediyonta ita ce alƙali. In ta ji makiyayu za ta ce mai shirin ta yi tuntuɓen harshe ne. Ka fara sa ta a littafi da aji tukuna, in ta kama mu ma mu bi.

Ɗan Dakoro:
Salamu alaikum, ku 'yan Najeriya kullum in ana zancen Hausa sai ku manta da mu, alhali wannan aikin mu ke yin shi a aikace. Nan Nijar tun 1961 doka ta ja iyaka, arewa da ita ba a noma, wurin bisashe ne. Ga Code Rural, wato dokar filayen karkara ta 1993, ga dokar kiwo ta 2010, ga kwamitocin ƙasa da muke ce ma kofo tun daga gari har departama wato gunduma, su ke kafa turakun siminti a bakin burtali don kar manomi ya ci. Kuma duk ƙarshen damana ma'aikatan ministan kiwo suna fita su yanki ciyawa cikin ɗan murabba'i su shanya su auna a sikeli, su lissafa da cewa bisa mai kilo 250 tana cin kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa a yini, daga nan a san ko abincin bana zai kai ko akwai giɓi. Ga yaƙi da garmani da ta mamaye wurare bisashe ba su cin ta. Mu hilin kiwo muke cewa, ko hurumi.

Hajiya Mai Fassara:
Hurumi ta yi kyau wallahi, sai dai a labarai yanzu ta koma ta kotu, kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara, wasu wuraren kuma maƙabarta suke nufi da ita.

Malamin Nahawu:
Kun gani? Hurumi ma fuska uku gare ta ba ku ce komai ba, sai makiyaya ce mai laifi.

Bafulatanin Ladduga:
Ni roƙona ɗaya, kar a sa daji. Mu da muke zaune a wurin kiwo na Kachia mun san abin da kalmar ta koma, yau in aka ce mutanen daji ba wanda ke tuna mai sanda da saniya. Kuma in ka ce daji kamar ka ce wurin ba mai shi, duk wanda ya ga dama ya share ya shuka, alhali kakanninmu sun san wane gawo ne ake sauka a gindinsa da rani. Ruga ma kar a sa, kun ga yadda aka yi da shirin RUGA na tsugunar da masu kiwo a 2019 har aka dakatar da shi, kuma ruga mazauni ce ba wurin kiwo ba. Filayen kiwo ya fi min kwanciyar hankali. In da hali Mai Shiri ki ce muna son 'ya'yanmu su ma su shiga wannan aikin, yanzu da aka kafa ma'aikatar kula da kiwon dabbobi ta tarayya a 2024, don wanda ya tashi a bayan shanu ya riga ya san rabin karatun.

Tsohon Malamin Daji:
Wannan gaskiya ne Ardo, na janye daji. Amma a raba biyu, wanda gwamnati ta shata ta yi wa doka a ce masa gandun kiwo, kamar yadda muke cewa gandun daji, sauran kuma filayen kiwo.

Ɗan Zazzau a Amurka:
Gandun kiwo ta zauna daidai. Albarkatun ƙasa ce ban gamsu ba, mutane man fetur da zinare suke ji, alhali a nan ruwa da ƙasar noma da itatuwa da namun daji ake nufi.

Ɗan Dakoro:
Mu arzikin ƙasa muke ji, shi ma uraniyum mutane ke tunawa.

Mai Shirin Manoma:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, dare ya yi dole in rufe rubutun. Ga abin da zan yi, rangeland filayen kiwo, wanda aka keɓe da doka gandun kiwo, ma'aikacin kuma jami'in kula da filayen kiwo, kuma zan ce shi ne magajin malamin daji na da don Baba. Albarkatun ƙasa zan bar ta amma a farkon ambato zan lissafo ruwa da ciyayi da itatuwa da namun daji. Baba da Ɗan Dakoro don Allah ku duba saƙo, ina so in ɗauki muryarku ta waya da safe.

Malamin Nahawu:
Ban yarda ba har yanzu, kalma biyar a sunan ma'aikaci ɗaya ya yi yawa. Amma tunda lokaci ya ƙure ki yi hakan, sai dai ko sau ɗaya ki ce filayen kiwo wato makiyaya, ki ja karin sautin daidai yara su ji. Makiyayu kuma zan kai ta gaban malaman sashenmu, za mu dawo kanta.

Mai Shirin Manoma:
To Malam, sau ɗaya a gabatarwa in sha Allah.